Hatserim: tarihin wani gandun Yahudawa a hamadar Negeb

Hamadar da Yahudawa ke kira Negeb, Larabawa kuma suke ce mata Naƙab, ta cinye fiye da rabin ƙasar Isra'ila. Siffarta kamar ta kan mashi da aka kifa: faɗinta yana arewa wajen birnin Bi'ir Sheba, tsininta kuma yana kudu bakin Bahar Maliya. Ruwan saman da ke sauka a kewayen Bi'ir Sheba bai wuce kimanin milimita 200 a shekara ba, wato bai kai rabin abin da manomin Maraɗi ke sa rai da shi ba, kuma cikin watannin sanyi yake zuwa, tsakanin Nuwamba da Maris. Ƙasar wurin mai laushi ce kamar gari, iska ce ta tara ta cikin dubban shekaru. Da ruwa ya taɓa ta sai fuskarta ta ƙeƙashe ta koma fako, ruwan ya malale zuwa cikin kori ya wuce. A nan ne, kimanin kilomita 8 yamma da Bi'ir Sheba, ƙauyen Hatserim yake. Ƙaramin wuri ne wanda mutanensa ba su kai na wata unguwa guda ta Damagaram ba, amma daga cikinsa ne aka yaɗa wa duniya dabarar ban-ruwa ta ɗigo, kuma tarihinsa ya ƙunshi kusan duk abin da ake yabo da abin da ake zargi game da zaman Yahudawa a wannan hamada.

Hatserim kibuts ne. Kalmar a harshen Ibraniyanci tana nufin taruwa, kuma an fara wannan irin zama a Deganiya, kusa da tafkin Galili, a shekara ta 1910. Waɗanda suka ƙago shi matasa ne da suka fito daga daular Rasha, suna gudun kisan gillar da ake yi wa Yahudawa a can, kawunansu kuma cike da aƙidar gurguzu. Bahaushe zai fi saurin gane kibuts idan ya tuna da gandu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Sai dai gandu na Hausa jini ne ya haɗa shi, yana da maigida, kuma kowane ɗa ko mace na da ƴar gamanarsa da yake nomawa don kansa. A kibuts babu maigida, babu gamana. Taron dukan membobi ne ke yanke shawara da ƙuri'a, muƙamai kuma karɓa-karɓa ake yi. Ba a biyan kowa albashi. Ana cin abinci a zaure guda, tufafi na fitowa daga ma'aji guda, yara ma a wancan zamani ba su kwana ɗakin iyayensu, gidan yara suke kwana tare da tsararrakinsu. Galibin waɗannan mutane ba masu riƙon addini ba ne. Aikin hannu suka ɗauka a matsayin ibadarsu. Ƙasar da suke nomawa kuwa ba tasu ba ce. Mallakar Asusun Ƙasa na Yahudawa ce, wanda aka kafa a 1901 don sayen filaye a Falasɗinu, kuma ƙa'idarsa ita ce filin da ya shiga hannunsa ba ya sake fita, Bayahude kaɗai ake ba hayarsa. Saboda haka tun ranar farko kibuts fuska biyu gare shi. Gwaji ne na zaman daidaito tsakanin ƴan Adam, kuma turke ne da ƙungiyar Sahyoniya ke kafawa don riƙe ƙasa.

Fuska ta biyu ce ta haifi Hatserim. A shekara ta 1946 Falasɗinu na hannun Turawan Ingila, kuma zaman ya yi tsami. Yaƙin duniya ya ƙare, an hallaka Yahudawan Turai miliyan 6, waɗanda suka tsira suna jibge cikin sansanoni, Ingila kuma ta taƙaita shigarsu Falasɗinu tun 1939 saboda boren Larabawa da suka ga ƙasarsu na suɓuce musu. A ƙarshen watan Yuni na 1946 Ingilishi suka kama shugabannin Yahudawa da dama; a ranar 22 ga Yuli ƙungiyar Irgun ta tarwatsa wani sashe na otel ɗin Sarki Dawuda a birnin Ƙudus, mutane 91 suka mutu. Cikin wannan ruɗani ne aka fito da shirin da ake kira Morison da Giredi, sunayen wani ministan Ingila da wani jakadan Amurka. Shirin ya raba ƙasar gida huɗu: lardin Larabawa, lardin Yahudawa, yankin Ƙudus, da yankin Negeb, waɗannan biyun na ƙarshe su zauna ƙarƙashin Ingila. Hujjar cire Negeb daga rabon Yahudawa mai sauƙi ce: ba su da kowa a can sai ƴan matsugunai ƙalilan, ciki har da uku na gwaji da suka kafa a 1943, wato Gebulot da Rebibim da Bet Eshel. Shugabannin Sahyoniya suka fahimci cewa mai zana iyaka yana bin inda ya ga hayaƙin murhu ne. Sai suka yanke shawarar kunna murhu.

Daren Asabar 5 ga Oktoba 1946 aka zaɓa, daidai lokacin da ake buɗa baki daga azumin Yom Kifur, ranar kaffara, wadda ita ce mafi girma a shekarar Yahudawa. Babu wanda zai zaci za su tashi da wani aiki a irin wannan dare, ga shi kuma gobe Lahadi, hafsoshin Ingila na hutu. Manyan motoci suka fita cikin duhu ɗauke da katako da kwano da waya mai ƙaya da tankunan ruwa. Kafin rana ta take, matsugunai 11 sun tsaya a wurare daban-daban na arewacin Negeb da bakinta: Be'eri, Nirim, Urim, Tekuma, Kefar Darom, Shobal, Mishmar Hanegeb, Nebatim, Gal'on, Kedma da Hatserim. Kowane ɗaya bai wuce ƴan bukkoki da shinge ba. Yosef Waits na Asusun Ƙasa da Lebi Eshkol na kamfanin ruwa na Mekorot, wanda daga baya ya zama firaminista, suna cikin waɗanda suka tsara aikin, ƙungiyar tsaro ta Hagana kuma ta yi rakiya. Ingilishi sun wayi gari sun tarar da aikin gama, ba su kuwa rushe ko ɗaya ba.

Waɗanda aka sauke a tudun Hatserim ƴan samari ne da ƴan mata da ba su wuce ƴan gommai ba, da yawansu ba su cika shekara 20 ba, sun fito daga ƙungiyar sikawut. Daga baya wasu daga cikin waɗanda ake kira “yaran Teheran” suka haɗu da su. Waɗannan marayu ne na ƙasar Folan da suka tsere wa ƴan Nazi zuwa Tarayyar Sobiyet, yunwa da ciwo suka cinye iyayensu a Saberiya da tsakiyar Asiya, sannan suka bi rundunar Janar Andas zuwa Iran, daga can aka bi da su ta Karachi da Suwes har suka iso Falasɗinu a watan Fabrairu na 1943. Wanda ya ratsa wannan hanya yana ɗan shekara 10 ba zai ji tsoron tudun da babu inuwa ba. Sunan da suka ba wurin daga Attaura suka ɗauko shi, inda aka ambaci wasu mutanen dā da ke zaune cikin ƙauyuka har zuwa Gaza. Ma'anar kalmar ita ce gidaje masu danga.

Amma tudun ba a sarari kango yake ba, ko da yake littattafan makaranta na Isra'ila sun daɗe suna nuna shi haka. Negeb ƙasar Larabawan ƙauye ce, waɗanda ake kira Badawi, manyan ƙabilunsu su ne Tiyaha da Tarabin da Azazma. Masana sun ƙiyasta yawansu kafin 1948 tsakanin 65,000 da kusan 100,000. Kiwon raƙuma da tumaki suke yi, amma a arewacin hamadar suna noman sha'ir da alkama da ruwan sama, suna tare bakin kori da ƙananan madatsai don su shuka ɓaure da inabi, suna tara ruwa cikin rijiyoyin da aka sassaƙa tun zamanin Rumawa. Kowace ƙabila ta san iyakar filinta, ana gado, ana jingina, ana sayarwa. Abin da ba su yi ba shi ne rajistar filayen a ofishin Turkawa ko na Ingilishi, don gudun haraji da shiga soja, da kuma don ba su ga amfanin takarda a kan abin da kowa ya sani ba. Duk wanda ya san rigimar gona da burtali a Tawa ko Dakoro ya san abin da ke samun makiyayi ranar da aka ce ya kawo takarda.

Matsuguni ba ya rayuwa da ruwan tanki. Injiniyan da aka ɗora wa nauyin kai ruwa ga waɗannan wurare 11 sunansa Simha Blas, haifaffen birnin Warso a 1897, jikan malaman addini, mutum mai kaifin basira da wuyar sha'ani. Bayan yaƙi ƙarfe ya yi wuyar samu a duniya, sai aka ji labarin cewa birnin Landan na sayar da bututun da aka shimfiɗa a titunansa don kashe gobarar bama-baman Jamus. Aka saye su da tsada, aka yo jigilarsu, aka shimfiɗa kusan kilomita 200 daga rijiyoyin Nir Am, kusa da Gaza. Tsadar ta kai har masu ba'a suka laƙaba masa suna bututun shampen. A 1947 ruwa ya iso. A damina ta wannan shekara, idan an yi lissafi da kalandar Nijar, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ziyarci Negeb, aka kai shi Rebibim ya ga furanni a tsakiyar rairayi. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar ta zartar da ƙudurin raba Falasɗinu, ta sanya mafi yawan Negeb cikin rabon Yahudawa, alhali a lokacin yawansu a can ɗigo ne cikin randa idan an gwada da Badawi. Shi kansa garin Bi'ir Sheba an bar wa Larabawa. Ƴan bukkokin dare ɗaya sun yi aikin da aka aike su.

Larabawa suka ƙi rabon, yaƙi ya ɓarke. Aka riƙa fasa bututun, masu gadinsa suka mutu, a watan Mayu na 1948 sojan Masar ya shigo ya yanke Negeb daga sauran ƙasar wata da watanni. Kefar Darom ta faɗi a watan Yuli. A ranar 21 ga Oktoba sojan Isra'ila ya ci Bi'ir Sheba, mazaunanta Larabawa suka fice ko aka fitar da su. Da ƙura ta lafa, Badawin da suka rage a Negeb ba su wuce kimanin 11,000 ba; sauran sun gudu ko an kore su zuwa Gaza da Sina'i da Urdun, ba a kuma bari sun dawo ba. Waɗanda suka rage aka tattara su a wani yanki gabas da Bi'ir Sheba da ake kira Siyaj, wato shinge, ƙarƙashin mulkin soja har 1966, filayen yamma masu ɗan albarka kuma suka koma mallakar gwamnati. Matsugunan da aka kafa kan ƴan filayen da aka saya suka wayi gari da fili iyakar ganin ido.

Fili ya samu, amma a Hatserim ƙasa ta ƙi. An shuka itatuwan marmari sun ƙone, an gwada kayan lambu an kwashe asara. Abin da ke ƙarƙashin wannan ƙasa mai kama da gari shi ne gishiri, wanda ya taru cikin dubban shekaru saboda ruwan sama bai isa ya wanke shi ba. Idan an yi ban-ruwa kaɗan, sai ruwan ya narkar da gishirin, rana ta jawo shi sama, ya zauna daidai inda saiwa take. Masu garka a bakin Dallol Foga sun san wannan farar hoda da ke fitowa bisa kunya. Shekarun 1950 a Hatserim shekarun fatara ne. Wasu membobi suka tattara nasu ya nasu suka koma birni, wasu suka riƙa fita aikin ƙodago don kibuts ya ci abinci, kuma zuwa ƙarshen shekarun an kai ga tattauna ko a tashi daga wurin baki ɗaya. Abin da ya tsayar da su shi ne gano cewa idan aka malala wa fili ruwa mai yawa a lokaci guda, gishirin na nutsewa ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Magani ne mai cin ruwa, a ƙasar da ruwa ya fi komai tsada, amma ya ba su damar numfasawa. Darasin da suka ɗauka shi ne noma kaɗai ba zai riƙe su ba. Ga kuma waɗanda suka zo suna ƴan shekara 18 sun fara jin baya. Sai suka shiga neman wata sana'a.

A daidai lokacin Simha Blas na yawo da wata dabara yana neman mai karɓa. Yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, a farkon shekarun 1930 wani manomi ya nuna masa itace guda da ya fi ƴan'uwansa girma nesa ba kusa ba, alhali ba a ba shi ruwa. Da ya tona gindinsa sai ya tarar da mahaɗar wani bututu tana ɗiga, ƙasar sama a bushe, amma a ƙarƙashi akwai danshi mai siffar albasa. Abin ya zauna masa a rai shekara 20 da ɗori yana fama da manyan ayyukan ruwa na ƙasa. A 1956 ya bar aikin gwamnati bayan saɓani, ya koma kan ɗigonsa tare da ɗansa Yeshayahu, a lokacin da roba ta fara araha. Ya kamata a faɗi cewa tunanin ba shi ya fara shi ba. Manoman Sin da na Afirka ta Arewa sun daɗe suna binne tulu marar shafe a gindin shuka, an gwada bututun laka a Jamus tun ƙarni na 19, kuma a Amurka wani mai suna Richad Chafin na aiki a kan irin wannan a farkon shekarun 1960. Matsalar kowa ɗaya ce: ƙaramar huda tana toshewa, babba kuma tana zubar da ruwa. Blas ya bar hudar da faɗinta, ya tilasta wa ruwan bin doguwar hanya mai murɗiya kafin ya fita, gogayya ta karya ƙarfinsa ya fito ɗis-ɗis. Masana da yawa sun yi shakka. Wani memba na Hatserim mai suna Uri Warba ya je ya same shi, a watan Agusta na 1965 aka sa hannu, aka kafa kamfanin Netafim, wato ɗigo-ɗigo. A farkon 1966 aka fara ƙerawa cikin wata rumfa a kibuts ɗin.

Amfanin dabarar ya wuce tsimin ruwa, ko da yake tsimin ma ba kaɗan ba ne: a ban-ruwa na malale kusan rabin ruwan na tafiya a banza, a na ɗigo kuwa kimanin kashi 90 cikin 100 na isa ga saiwa. Tiyo na kwance bisa kunya, kowace ƴar huda na ba da lita ɗaya zuwa huɗu a awa. Da yake danshin ba ya yankewa, shuka ba ta shiga wahalar ƙishi tsakanin shayarwa da shayarwa, sai amfani ya ƙaru. Ana narkar da taki cikin ruwan ya tafi kai tsaye. Tsakanin layuka a bushe yake, haki ba ya samun abin sha. Abin da ya fi muhimmanci ga mutanen Hatserim kuwa, ɗigon na tura gishiri zuwa gefen albasar danshin, nesa da saiwa, kuma tun da ruwan ba ya taɓa ganye, ana iya shayarwa da ruwa mai ɗan zartsi. Shi ya sa manoman kwarin Araba, inda zafi ya yi kama da na Bilma, suka fara rungumar abin, suka fitar da tumatir da kankana a wurin da ba a taɓa zato ba. A shekarun 1970 injiniya Rafi Mehudar ya ƙago hudar da ke daidaita kanta, ta yadda shukar da ke bakin tanki da wadda ke ƙarshen layi, ta kan tudu da ta cikin kwari, duk rabo ɗaya suke samu.

Kasuwa ta buɗe, sai aƙida ta shiga tsaka mai wuya. Ƙa'idar kibuts ta hana ɗaukar ɗan ƙodago, don wanda ya ci gumin wani ya zama irin mai jarin da aka gudo daga gare shi. Hannayen membobi kuwa ba su isa aikin ba. Hanyar da Hatserim ta bi a shekarun 1970 ita ce ta raba sana'ar da wasu kibuts biyu, Magal da Iftah, kowannensu ya kafa masana'antarsa. Ɗan kasuwa zai ce wauta ce a raba kaza mai ƙwan zinariya. Su a ganinsu gara a raba riba da a zubar da ƙa'ida. Ƙa'idar ba ta daɗe ba duk da haka. A 1981 aka buɗe reshe a Amurka, a hankali masana'antu suka bazu zuwa Indiya da Barazil da wasu ƙasashe, ma'aikatan albashi suka ninka membobi sau da yawa.

Shekarun 1980 ne suka karya ƙashin bayan tsarin kibuts. Hauhawar farashi a Isra'ila ta haura kashi 400 cikin 100 a 1984, gwamnati ta ɗaure ɗamarar tsimi a 1985, kuɗin ruwan bashi ya yi sama, kibuts da yawa suka nutse. Aka yi yarjejeniyar yafe bashi a 1989 da 1996, matasa suka watse, gidajen kwanan yara suka rufe ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe a 1997. Daga cikin kibuts kimanin 270, mafi yawansu sun koma biyan kowa albashi gwargwadon aikinsa, zauren cin abinci ya zama gidan sayar da abinci ko ya rufe. Hatserim na cikin tsirarun da suka riƙe tukunya ɗaya, inda abin da daraktan kamfani ya samu da abin da mai tatsar shanu ya samu ke shiga asusu guda. Abin dariya a nan, idan abin dariya ne, shi ne kasuwar jari-hujja ce ta biya kuɗin wannan gurguzu. Da wuya a ce mutanen Hatserim sun fi na sauran wurare imani. Su dai suna da abin sakawa a tukunyar. A 2011 kamfanin zuba jari na Permira ya sayi kashi 61 cikin 100 na Netafim. A 2017 kamfanin Mexichem na ƙasar Meziko ya sayi kashi 80, a cinikin da ya ƙiyasta darajar kamfanin kusan dala miliyar 1.9, Hatserim ta riƙe kashi 20. Ban da tiyo, kibuts ɗin ya dasa gonakin hohoba, wata bishiyar hamadar Sonora da ake matse man shafawa daga ƙwayarta, har ya shiga sahun manyan masu fitar da shi a duniya.

Kirarin da aka fi yi wa waɗannan wurare shi ne sun sa hamada ta yi fure. Furen gaskiya ne, amma tiyo ba ya haifar da ruwa, rabawa kawai yake yi. Ruwan Negeb daga wani wuri ya zo: daga kogin Yarkon a 1955, daga tafkin Galili ta babbar magudanar ƙasa a 1964, aikin da ya harzuƙa Siriya da Urdun har shugabannin Larabawa suka yi taro a Alƙahira a kansa, sannan daga ruwan datti na Tel Abib da ake tacewa, da ruwan teku da aka fara cire wa gishiri da yawa a Ashkelon a 2005. Bayan kowane ɗigo akwai gwamnati da bashi da lantarki da soja. Shi kuma ruwan bai bi kowace ƙofa ba. Jikokin Badawin da suka rage sun kai kimanin 300,000, ƴan ƙasar Isra'ila ne, an gina musu garuruwa irin su Tel Sheba a 1968 da Rahat a 1972, amma dubun-dubatarsu na zaune cikin ƙauyuka fiye da 30 da hukuma ba ta amince da su ba. Taswira ba ta nuna su, ana rushe gidajensu, da yawa suna jan ruwa da tiyo daga nesa ko su saya a tanki. A 2011 kotun ƙolin ƙasar ta ce samun ruwan sha haƙƙi ne na ɗan Adam ko da a waɗannan ƙauyuka, amma ba ta tilasta a kai famfo kowane gida ba. Tafiyar rabin awa ce a mota daga masana'antar da ke koya wa duniya tsimin ruwa.

Dabarar ta iso Nijar ta wata hanya da ba ta gwamnati ba, domin hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashen biyu ta yanke a 1973, ta dawo a 1996, ta sake yankewa a 2002. Farfesa Dob Fastanak na jami'ar Ben Guriyon da ke Bi'ir Sheba, wanda ya yi shekaru yana binciken noma da ruwan zartsi a Negeb, ya zo cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, a farkon shekarun 2000, ya yi kimanin shekara 10. Shi ya yaɗa abin da aka sa wa suna garkar Afirka: tanki da aka ɗaga mita ɗaya daga ƙasa, nauyin ruwa kaɗai ke tura shi cikin tiyo, babu inji. Shi ne kuma ya yi fice wajen auren magarya da irin Indiya mai manyan ƴaƴa, wadda ake kira tuffar Sahel, da yaɗa ingantaccen irin zogale. Inda aka haɗa masu garka cikin ƙungiya, da rijiya ɗaya da mai kula da kasuwa a kusa, abin ya yi riba, musamman ga mata. Inda aka raba wa mutum ɗaiɗai ƴan kayan aka tafi, sau da yawa yashi ya toshe hudojin, ɓeraye suka ciji tiyon, babu inda za a sayi madadi, mai garka ya koma wa gugarsa. A Hatserim kanta tiyon bai taɓa aiki shi kaɗai ba. Akwai asusu guda da ke ɗaukar asarar shekara, da wanda aikinsa kawai shi ne wanke matata.

Daga cikin matsugunai 11 na wancan dare, Kefar Darom an sake kafa ta a zirin Gaza a 1970, aka kwashe ta a 2005. Be'eri da Nirim na bakin shingen Gaza, inda akasarin mutane jikokin ƴan gudun hijirar 1948 ne, ciki har da na lardin Bi'ir Sheba, kuma inda tun kafin yaƙin baya-bayan nan fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan ƙarƙashin ƙasa bai shawuwa. Ranar 7 ga Oktoba 2023, kwana ɗaya bayan cikar shekara 77 da kafa su, mayaƙan Hamas suka afka wa waɗannan ƙauyuka. A Be'eri kaɗai an kashe mutane kimanin 100, wato ɗaya cikin goma na mazaunanta, aka tafi da wasu kimanin 30. Yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar bayan haka ya hallaka dubun-dubatar Falasɗinawa, ya rugurguza mafi yawan gidajen Gaza da rijiyoyinta da gonakinta. Babban sansanin jiragen yaƙi da aka buɗe a 1966 yana maƙwabtaka da kibuts ɗin, sunansa ma Hatserim. Mutanen Be'eri da suka tsira sun yi watanni a wani otel a bakin Tekun Gishiri. A 2024 aka gina musu unguwar wucin gadi a filin Hatserim, suka ƙaura can da yaransu da zauren cin abincinsu, kafin a sake gina ƙauyensu.